Ƙofar Ragon Zinariya

Garinmu Skelbeck ba shi da mashaya ko ɗaya, amma in baƙo ya tambayi hanya, da sunayen mashaya ake yi masa kwatance. "Miƙe har Farin Doki, ka karya dama, in ka ga Masaukin Jirgi ka iso." Baƙo ya yi ta tafiya yana waige-waige, ba doki ba jirgi. Farin Doki kududdufin agwagi ne. Wani ne ya haƙa ramin ajiye gangunan giya, ruwa ya riga giyar shiga. Masaukin Jirgi kuwa bishiya ce tal a gefen hanya, inda wani ya auna fili yana jiran layin dogo. Layin ya zo, ya dubi tudun garin, ya bi ta kwari abinsa. Akwai ta uku, Kan Sarki, wadda aka sauke tubalinta ranar Juma'a, Litinin na yi aka ga ɗakin taron masu yaƙi da shan giya ya ƙara tsawo. Ba wanda ya ga komai.

Mutum ɗaya ne wannan tarihi yake ba dariya, shi ne Jabez Ollerton. Shekara goma sha tara yana kwasar kwal da shebur a wurin wan matarsa, Cuthbert Raistrick, kuma ba ranar da bai gaya wa kwal ɗin cewa ba don wannan aka haife shi ba. Wata safiya cikin watan Janairu ya yi jifa da shebur, ya karkaɗe hannu.

"Cuthbert, nemi wani jakin. Masu mashayu ukun can da hannu suka fara, shi ya sa suka tsaya. Ni da ƙwaƙwalwa zan fara. Kafin baɗi, in kana son kofin giya a garin nan, sai ka cire hula ka gaishe ni."

Cuthbert mutum ne da kalma ɗaya ke isarsa yini guda. Ya dubi shebur, ya dubi Jabez, ya ce, "To."

Filin da Jabez ya zaɓa na matarsa Nellie ne, gadon ubanta, a bakin gari inda iska ba ta hutu. Nellie tana feraye dankali lokacin da ya shimfiɗa mata zanen ginin a kan tebur: bene hawa uku, ɗakunan baƙi goma sha biyu, bargar dawaki, da ƙaton rago mai ruwan zinariya a saman ƙofa.

"Ragon Zinariya," in ji shi. "Daga birnin Leeds za a riƙa zuwa kallo."

"Ɗauke min ɗakunan baƙinka daga cikin ɓawon dankali," in ji Nellie. "Ka ji magana ɗaya, Jabez. In alƙalai sun ba ka lasisi a zaman Fabrairu, fili naka ne, ka gina ko da hasumiya ce. In sun hana, Cuthbert zai zuba tumakinsa a ciki, kai kuma ka koma ka ɗauki shebur ɗin nan daga inda ka yar da shi, da rana tsaka, ka ce masa ya yi haƙuri."

"Ni? Shebur? Mace, hannun nan ba zai sake taɓa komai ba sai makullin mashaya."

"To miƙo min wuƙar can da shi, kafin makullin ya zo."

Washegari ya tafi Garsbridge, garin kotu, wajen magatakarda. Magatakarda ya buɗe littafin doka ya karanta masa a hankali: mai neman lasisi zai buga takardar sanarwa a ƙofar coci, ya buga wata a ƙofar gidan da za a sayar da giyar, Lahadi biyu a jere, daga ƙarfe goma na safe zuwa biyar na yamma. Ya lashi yatsa zai juya shafi.

"Amma, Mista Ollerton, in ginin bai..."

"Na sani, na sani," in ji Jabez, ya riga ya sa hula. "Dokar nan tun kana goyo nake karanta ta."

Sai da ya yi rabin hanya ya tuna cewa gidan nasa ba shi da ƙofa, don ba shi da bango. Bai damu ba. A nan ne, a ganinsa, aka bar waɗancan ukun a baya. Doka ta ce ƙofa, ba ta ce bango ba. Ƙofa kuwa ai ba abin wuya ba ce.

Ta gidansu ya fara dubawa. Nellie ta tsaya a cikinta da muciya, sai ya ga ashe ma ta yi ƙanƙanta. Ta coci an riga an sa ta aiki. Wadda ta rage ita ce ta makewayin Lungun Masaƙa, wanda gida huɗu suke tarayya a kai, mutum ashirin da uku in an haɗa da yara. Ƙofa ce ta katako mai kauri, koriya, da ƴar huda sama don iska. Jabez ya zagaya ta sau biyu ya ce lallai an wulaƙanta ta.

Lahadin farko, gari bai gama wayewa ba, ya ɗaga ta daga ƙarafunanta, ya rataya buhun kwal a gurbinta don kada a ce ba shi da tunani, ya ɗora ta a baya ya nufi fili. Can ya tarar ƙasa ta daskare. Ya kai mata diga, diga ta yi tsalle ta dawo ta gaishe da ƙafarsa. Ƙarfe goma saura minti biyar, sai ga Saje Clegg, ɗan sandan gari, ya zauna a kan katangar dutse, ya fito da agogon aljihu da ɗan littafi.

"Ina gidan, Mista Ollerton?"

Jabez ya tsai da ƙofar da hannu biyu, ya tsaya a bayanta. "Ga shi."

Saje ya duba takarda, ya duba agogo, ya rubuta. Shi mutum ne da bai taɓa mamakin komai ba, in dai zai rubutu.

Da aka tashi daga coci, gari ya biyo ta nan, ko da yake ba hanyar kowa ba ce. Tsoho Amos, wanda ya ga haƙar Farin Doki da idonsa, ya tako har gaban ƙofa, ya goge takalmi a ciyawa, ya ƙwanƙwasa.

"An buɗe?"

"Ba a buɗe ba," in ji Jabez daga baya.

"Na ga mutane a ciki." Tumaki biyu ne suka tsallako katanga.

"Ka zo baɗi, baba. Kujerar bakin murhu taka ce."

"Haka na Farin Doki ya ce min. Agwagwa ce a kai yanzu."

Wani ya zagayo ta gefe don ya ga Jabez da kyau, Jabez ya daka masa tsawa cewa ta cikin bangon ɗakin cin abinci ya ratso. Mutumin ya ba da haƙuri, ya koma, ya fita ta taga.

Ana cikin haka sai taro ya dare. Misis Tordoff ce, maƙwabciyarsu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata ƴaƴa shida da shugabancin masu yaƙi da giya. Matan lungu uku suna bayanta.

"Jabez Ollerton, na san ƙofar nan."

"Ƙofofi kama suke yi, Misis Tordoff."

"Shekara ashirin ina kallon bayanta kowace safiya. Ƙugiyar da ke ciki ni na sa. Ka bar mana buhu, buhun ma mai huda, ga iska tana ɗaga shi kamar tuta. Maƙwabcinmu Mista Pogson da laima ya shiga!"

"Ci gaban gari yana buƙatar haƙuri."

"Sake ta, ko in sake ka da ita."

Saje Clegg ya yi gyaran murya daga kan katanga. "Misis Tordoff, wanda ya cire takardar nan daga jikin ƙofa kafin ƙarfe biyar, ya taɓa doka."

Ta juya ta dube shi. "Wanda ya ɗauke ƙofar da takardarta fa?"

Saje ya buɗe littafi, ya duba gaba, ya duba baya. "Ba a rubuta wannan ba."

Misis Tordoff ta auna ƙofar da ido, ta auna matan da ke bayanta cikin kayan coci masu tsabta, ta ce musu su tafi gida, akwai wata Lahadin. Jabez bai ji wannan ba, don daidai lokacin iska ta sauko daga tudu ta sami ƙofa a tsaye ba mai gida sai shi. Ta tura, ya tura. Ta ja, ya bi. Mutum da ƙofa suka ratsa fili suna rawa, tumaki na ba su hanya, har suka yi masauki a cikin ƙaya. Saje ya rubuta: ƙarfe biyu da kwata, mashaya ta matsa gabas taku goma sha ɗaya, takarda na nan.

Wajen ƙarfe uku shayin safe ya fara yi wa Jabez magana. Ya canza ƙafa. Ya sake canzawa.

"Baba Amos, riƙe min minti biyar."

"Ban taɓa riƙe mashaya ba, yaro, ita ke riƙe ni. Kuma ina za ka? Can ɗin ai ba ƙofa."

Ƙarfe biyar na bugawa aka ga ƙofa koriya tana gudu a kan titi da ƙafafu biyu a ƙarƙashinta. Ya isa lungu ya tarar da layi, mutum goma sha ɗaya, kowa ya naɗe hannu. Suka bari ya rataya ta da kyau, suka gwada ƙugiya, sannan suka nuna masa ƙarshen layi.

Wani zai ce wannan ya isa darasi. Jabez ya ce nasara ce, rabin aiki ya ƙare. Cikin mako ya hura wuta a fili don ƙasa ta saki, ta saki, girarsa ta hagu ma ta saki. Ya kafa ginshiƙai biyu na itace, ya gicciya na uku a sama, ya jijjiga su a gaban duk wanda ya wuce.

"Ko guguwa ta zo sai ta ƙwanƙwasa," in ji shi.

Lahadi ta biyu ya fito yana sanɗa, sai ya tarar da Misis Tordoff tsaye a bakin makewayi. Ya shirya faɗa. Ita kuwa ta miƙo masa ƙunshin takarda.

"Ƙusoshi ne na marigayi. Ka buga takardar nan da kyau, Jabez, kada ta fita ko da ƙofar ta yi motsi."

Jabez ya karɓa. "Ka ga," ya ce wa Nellie, "har abokan gaba sun fara kawo gaisuwa." Nellie ta ce ta gani.

Ya rataya ƙofa a ginshiƙai, ya buga takarda da ƙusa arba'in, har rubutun da ƙyar ake karantawa. Saje Clegg ya zo, ya duba agogo, ya rubuta. Ƙofa ta tsaya da kanta, ba ta buƙatar kowa, Jabez kuwa ya ga bai dace mai babban gida ya tsaya gadin ƙofarsa kamar yaron shago ba. A wancan zamanin, ranar Lahadi ba a sayar wa mutum giya da rana sai in matafiyi ne da ya taka mil uku, kuma mashayar Garsbridge mil uku ce da ɗan ɗoriya. Ya ce zai je ya ga kurakuran da suke yi, don ya kauce musu. A hanya ya biya ta wajen Cuthbert.

"Suruki, in biyar ta buga, ka kai keken doki ka mayar da ƙofar nan lungu. Bayan biyar, ka ji? Zan tuna da kai ranar buɗewa."

"To," in ji Cuthbert.

Kurakuran Garsbridge suna da yawa, sai da ya ɗanɗana su ɗaya bayan ɗaya. Rana ta faɗi ya dawo yana yi wa katanga sallama, ya wuce makewayi kai tsaye. Ƙofa na wurinta, ba layi, ba hayaniya, takarda ma an cire, saura ƙusa arba'in. Ya sa ƙugiya ya zauna yana cewa a ransa Cuthbert dai ba ya magana, amma akwai cika alkawari.

Makonni biyu da suka biyo baya, Jabez bai taɓa ganin girmamawa irin tasu ba. Mai nama ya cire masa hula. Mai wanki ta tambaye shi ko gidan nasa zai ɗauki biki. Tsoho Amos yana ganinsa sai tari ya kama shi, ya juya ya dafa bango. Ko Misis Tordoff ta ce ba za ta yi ƙorafi a kotu ba, za ta dai je ta saurara.

Ranar zama, Skelbeck ta kwashe gaba ɗaya zuwa Garsbridge. Masaƙa ta ba da hutun rabin yini. Alƙalai uku suka zauna, Kanar Fawcett a tsakiya, tsohon soja mai fuska kamar ƙofar da aka kulle tun bara. Jabez ya miƙe cikin kwat ɗin aurensa, gira ɗaya, ya warware zane, ya yi minti ashirin a kan bene, minti goma a kan rago. Ya yi wa mutanen Farin Doki da Kan Sarki addu'ar samun rahama, ya ce ba laifinsu ba ne, ba kowa ake haifa da kai ba.

"An cika sharaɗin sanarwa?" in ji Kanar.

"Ranka ya daɗe, an cika har ya zube. Ga Saje nan."

Saje Clegg ya buɗe littafinsa. Ya karanta Lahadin farko, har da taku goma sha ɗaya. Sannan ya juya shafi.

"Lahadi ta biyu. Ƙarfe goma, takarda na jikin ƙofa, ƙofa na fili. Goma da minti goma, mai nema ya tafi. Goma da kwata, mata huɗu sun zo da baro cikin kayan aiki. Ba su taɓa takarda ba. Na bi takarda, don ita aka ce in tsare. Goma da rabi, takarda na jikin ƙofa, ƙofa na Lungun Masaƙa. Na ari kujera na zauna a gabanta har biyar. Biyar da minti biyar, an shaida min Mista Raistrick ya je fili da keken doki, bai ga ƙofa ba, ya ce 'to', ya koma."

Mutum ɗari biyu a kotu suka cije leɓe tare. Jabez ya waiga. Ba wanda ya dube shi. Kowa na nazarin rufi.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ƙofar ai ita ce dai! Doka ta ce ƙofa. Ba ta ce kada ƙofa ta yi tafiya ba."

"Doka ta ce ƙofar gidan da za a sayar da giya," in ji Kanar. "Saje, ƙofar nan tana da gida?"

"Tana da shi, ranka ya daɗe. Ƙafa huɗu a faɗi, biyar a tsawo."

"Hawa nawa?"

"Ɗaya. Akwai rami a ƙasa."

"Mutum nawa yake ɗauka a zaune?"

"Ɗaya, ranka ya daɗe. Biyu in ƴaƴan Misis Tordoff ne."

"Jama'a sun sami damar karanta sanarwar?"

"Shiga talatin da bakwai na ƙirga. Waɗanda ke layi sun karanta ta sau biyu-biyu."

Kanar ya juyo ga Jabez, fuskarsa ba ta motsa ba. "Mista Ollerton, wanne kake nema wa lasisi? In filin ne, bai cika Lahadi biyu ba. In wancan ne, ya fi filin kusa da gini, amma shi ma Lahadi ɗaya ya samu, kuma ban ga inda za ka sa dawaki ba."

Nan Tsoho Amos ya fashe, kotu ta bi shi. Kanar ya bari suka gama, sannan ya ce wa magatakarda ya karanta wa mai nema shafi na biyu. Magatakarda ya lashi yatsa, ya juya, ya karanta a hankali kamar wancan karon: in ginin bai riga ya tashi ba, ya isa a buga takardar a jikin allo, a soke shi a fili.

"Allo?" in ji Jabez.

"Da sanda," in ji magatakarda. "Na so in gaya maka. Ka ce ka sani."

"An ƙi," in ji Kanar. "Na gaba."

Washegari da rana tsaka Jabez ya je wurin kwal. Shebur na nan inda ya yar da shi. Cuthbert ya hana kowa taɓawa, har an share kewayensa. Rabin gari na leƙe ta kan katanga, Nellie a gaba da kwandon cefane. Jabez ya sunkuya ya ɗauka, ya ce wa Cuthbert ya yi haƙuri, cikin murya irin ta mai tambayar ƙarfe nawa. Cuthbert ya ce, "To." Da yamma tumaki suka shiga fili. Wai ta tsakanin ginshiƙan suka bi, ɗaya bayan ɗaya, ko da yake ko'ina a buɗe yake.

Ginshiƙan suna nan har yau, kuma in baƙo ya tambayi hanyar tudu, ana ce masa ya wuce Ƙofar Jabez ya riƙe hagu. Sunan mashayar kuwa bai zauna a fili ba, lungu ya koma. Wani ya zana rago da alli a saman ƙofar koriya, ba wanda ya goge, har Misis Tordoff da kanta takan ce wa ƴaƴanta su yi sauri su je Ragon Zinariya kafin a tafi coci.

Jabez bai ɗauki wannan da zafi ba. Bayan wata guda aka ji shi yana gaya wa wani baƙo mai sayen kwal, yana dogare da shebur:

"Mashaya huɗu aka yi niyya a garin nan, malam. Je ka duba. Tawa ce kaɗai mai rufi, tawa ce kaɗai ake yi wa layi."

"Jabez," in ji Cuthbert daga kan keken doki, ya nuna tulin kwal.

Ran nan Cuthbert ya yi magana sau biyu, don bayan Jabez ya fara kwasa ya ƙara da, "To."